Daga Randa Zuwa Firiji: Tarihin Neman Sanyi a Tsohuwar Maiduguri

Duk wanda ya taɓa yin bazara a ƙasar Barno, ya ga yadda rana ke tsayawa a kan mutane cikin watan Afrilu da Mayu har ma'aunin zafi ya haura digiri 40, iska kuma ta bushe kamar an buɗe bakin tanderu, ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya san darajar ruwan sanyi. A nan sanyi ni'ima ce da ake nema da dabara, ake tsarewa da ladabi, ake kuma yin sadaka da ita. Saboda haka ƙaramin firijin nan da ake gani yau a kusurwar ɗakin amarya, ko a shagon mai sayar da magani, ko a ɗakin ɗalibi, yana da magabata da suka riga shi aiki da ƙarnuka, kuma wanda ya san tarihinsu zai fi kowa iya riƙe shi.

Tsohuwar Maiduguri, wadda a yau unguwa ce cikin Ƙaramar Hukumar Jere, ta girmi birnin da ya ɗauki sunanta. Gari ne mai kasuwa tun kafin Rabe ya rushe Kukawa a 1893, tun kafin a kashe shi a Kusuri a 1900, tun kafin Shehu Abubakar Garbai ya kafa Yerwa a 1907 ya mai da ita mazaunin sarautar Barno. Da sabon birni ya bunƙasa a gefen kogin Ngadda, sai ya haɗiye tsohon garin, ya kuma ari sunansa. To, a wancan zamani, da ma zamunan da suka gabace shi, babu gidan da za ka shiga, na mai sarauta ne ko na talaka, na Babarbare ne ko na Shuwa ko na Bahaushe fatake, ba ka tarar da randa a inuwa ba.

Hikimar randa kuwa tana cikin yumɓun da aka gina ta da shi. Maginiya ba ta toshe ƙofofin jikinta ƙanana waɗanda ido ba ya gani, don haka ruwa yakan riƙa tsattsafowa a hankali har bayanta ya yi damshi, busasshiyar iska ta zo ta kwashe damshin, kuma ba ta kwashe shi sai ta tafi da wani rabo na zafin ruwan da ke ciki. Wannan shi ya sa randa ta fi sanyi a lokacin da iska ta fi bushewa, ta kuma rage ƙarfi da damina. Salkar matafiya, wadda ake ratayawa a gefen raƙumi a kan hanyar Fezzan ko hanyar aikin hajji ta Darfur, da wannan sirrin take aiki. Iyayenmu mata ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san sharuɗɗansa sarai: ba a ajiye randa a rana, ba a matse ta a lungun da iska ba ta ratsawa, akan girke ta daram a kan yashi mai laima, a rufe bakinta da faifai, a keɓe mata moɗa guda wadda ba a sa wa baki, a kuma juye ta a wanke kafin gansakuka ta kama gindinta. Malamai sun ƙarfafa wannan da abin da ya zo cikin littattafan hadisi na umarni da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka idan dare ya yi. Randar ƙofar gida da ta bakin masallaci kuwa, wadda ake cikawa domin mai wucewa, sadaka ce mai gudana da ba a tambayar mai shanta daga ina ya fito.

Abin da randa ba ta iya yi shi ne tsare nama da kifi, sai mutane suka nemi taimakon rana da hayaƙi da gishiri. Kifin tafkin Chadi ya zama banda, har kasuwar kifi ta hanyar Baga ta yi suna a Nijeriya duka. Nama ya zama kilishi. Tumatir ya zama kauɗa. Kuɓewa da kuka da yakuwa aka shanya aka adana. Madara kuma aka bar ta ta zama nono da kindirmo, aka fitar da man shanu aka soya don ya daɗe. Ƙanƙara kuwa, a Misira ta da, abar sarakuna ce, domin Alƙalƙashandi, marubucin fadar Misira wanda ya rasu a 1418, ya bayyana yadda ake ɗauko ta daga duwatsun Sham a jiragen ruwa da bayan raƙuma zuwa Alƙahira domin sarakunan Mamluk. Abin da sarkin Misira ke tanadar wa ayari guda, shi ne yau yaro ke saye a ƙulle cikin leda a bakin titi.

Na'urar sanyi ta fara isowa ƙasashenmu ne kafin wutar lantarki ta wadata, kuma abin mamaki, da harshen wuta take aiki. A 1922 wasu ɗalibai biyu a ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙago firijin da ba shi da inji mai juyawa, sai dai a ɗumama ruwan amoniya a cikin bututu, ya tashi ya zagaya, ya janye zafin cikin akwatin. Kamfanin Electrolux ya fara sayar da shi a 1925. Irinsa mai aiki da kananzir shi ne ya shiga gidajen jami'an mulkin Turawa da asibitoci da kantunan kamfanoni a lardunan Arewa. Na'ura ce mai son tarbiyya: in ba a daidaita zamanta ba ruwan cikinta ba ya zagayawa, in ba a gyara lagwani har harshen wutar ya zama shuɗi ba sai ta yi hayaƙi ta daina sanyi, in ba a share bututun hayaƙinta ba sai ta toshe. Kukun da ya iya lallashinta yana da daraja a gidan da yake aiki.

Bayan haka al'amura suka sauya da sauri. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, birnin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka kafa hukumar NEPA a 1972, aka buɗe Jami'ar Maiduguri a 1975, Jihar Barno ta samu a 1976. A cikin waɗannan shekaru ne kuɗin man fetur da ƙarin albashin da ya biyo bayan rahoton Udoji na 1974 suka sa ma'aikata da yawa suka sayi firijinsu na farko, sunan Thermocool ya zama sananne a kasuwa, firiji kuma ya shiga jerin kayan ɗakin da ake kai amarya da su. Sannu a hankali ya fito daga unguwar ma'aikata ya shiga tsofaffin unguwanni, inda matan aure suka mai da shi jari, suna ƙulla zoɓo da kunun aya da ruwan tsamiya suna aika yara da su. Ƙaramin firiji, wanda bai fi tsayin ƙugu ba, shi ya fi dacewa da mai ɗaki ɗaya da mai ɗan shago, domin ba ya cin wuri kuma ba ya cin wuta da yawa.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi, shi ne ladubban da wannan na'ura ke nema kusan su ne ladubban randa, sai ɗan ƙari. Firiji ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafin da ke ciki yake kwasowa ya zubar ta bayansa, don haka wanda ya manna shi da bango, ko ya ajiye shi inda rana ke duka, ko kusa da murhu, ko ya lulluɓe shi da zane don ado, ya hana shi numfashi, injinsa zai yi ta aiki ba hutawa har ya ƙone. A bar masa tazarar kamar tafin hannu a baya da gefe, a girke shi daram a wuri busasshe, a kuma riƙa share ƙurar hunturu daga bayansa bayan an zare shi daga wuta. Idan an ɗauko shi daga kasuwa a Keke Napep, musamman in an kwantar da shi, wajibi ne a tsayar da shi na wasu sa'o'i kafin a kunna, domin man da ke cikin injin yakan malala cikin bututu, sai ya sami lokaci yake komawa mazauninsa. A ba shi soket nasa shi kaɗai mai wayar ƙasa, kada a haɗa shi da dutsen guga da rishon lantarki a jona guda. A garin da wuta ke zuwa da ƙarfi ta koma da rauni, sitabilaiza ba almubazzaranci ba ne, kuma idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a dakata minti biyar kafin a mayar da shi. Janareta kuwa a waje yake kwana, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Akwai haɗari biyu da tarihi ya koyar da su da tsada. Na farko, bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta hana iskar da ke lalata rufin sararin sama, yawancin ƙananan firiji na yanzu da iskar R600a suke aiki, ita kuwa tana kama wuta. Mai ɗaukar wuƙa ya sassaƙe ƙanƙarar da ta taru a ɗakin daskarewa yana iya huda bututu, ya yi hasarar firijin, ya kuma saki gas a ɗakin da wataƙila akwai garwashin turare. Hanya ita ce a zare shi daga wuta, a buɗe ƙofa, a bar ƙanƙarar ta narke da kanta. Na biyu, a Amurka yara da dama sun mutu cikin tsofaffin firiji masu sakata da suka shiga wasan ɓuya, har aka yi doka a 1956 cewa dole ƙofa ta buɗu daga ciki. Duk wanda ke da mataccen firiji ko firiza a tsakar gida, ya cire ƙofarsa, domin kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya.

Almajirin da ya karanta Risala ko Ashmawi ya san ana hukunta ruwa da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan ma'auni ya wadatar a babin tsarki, amma a sha'anin abincin firiji bai isa ba, domin ƙwayoyin cutar da ke kawo amai da gudawa suna iya yawaita cikin miya ko shinkafa alhali kamanninta da ƙanshinta ba su sauya ba. Sanyi ba ya kashe su, jinkirta su kawai yake yi, shi ma sai in bai haura digiri 5 ba. In aka ɗauke wuta, firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kimanin sa'a 4, a bazarar Barno ma ya fi kyau a ɗauka bai kai haka ba. Don haka a rufe kowane kwano kamar yadda ake rufe randa, a sa ɗanyen nama a ƙasa don kada jininsa ya ɗiga a kan dafaffen abinci, a bar tururin tuwo ya lafa kafin a sa shi amma kada ya yini a waje, a tafasa abin da ya kwana kafin a ci, a wanke ciki da ruwan ɗumi da sabulu, a kuma duba robar bakin ƙofa ko tana kamawa.

Mutanen Maiduguri sun ga iyakar wannan na'ura da idonsu. A watan Janairun 2021 mahara suka rushe turakun babban layin wuta da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a watan Maris suka sake rushewa, birnin ya shiga duhu na watanni masu yawa, azumin shekarar kuwa ya faɗo a tsakiyar Afrilu, ganiyar zafi. Firiji ya zama akwatin ajiye kwanuka, ƙanƙara ta yi tsada, masu ita sai masu janareta da sola, maginan tukwane kuma suka ga kasuwarsu ta farfaɗo. Sai a watan Maris na 2023 aka buɗe tashar wuta mai aiki da gas, mai ƙarfin megawat 50, domin birnin. Tun kafin wannan, wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya nuna cewa ilimin randa bai ƙare ba, da ya sa tukunya cikin tukunya ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan lambu suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Haka kuma ƙananan firiji masu aiki da hasken rana, waɗanda ke tsare allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8, suna da hannu a yaƙin da aka yi da shan inna, cutar da aka ga ƙarshen nau'inta na daji a Barno a 2016, har aka shaida kuɓutar Afirka daga gare shi a 2020.

Da ruwan madatsar Alau ya mamaye birnin a watan Satumba na 2024, dubban gidaje sun koma sun tarar da kayansu cikin laka, masu aikin wuta kuma suka yi ta gargaɗin kada a jona firijin da ruwa ya shiga sai ya bushe sarai gwani ya duba shi. A gidaje da yawa, randa aka fara wankewa aka cika, ita ta shayar da iyali kafin na'ura ta dawo aiki. Shawarata ga amaryar da za a kai ɗakinta a Tsohuwar Maiduguri ita ce ta karɓi firijinta da godiya, ta riƙe shi da ladabin da kakarta ta riƙe randa, ta kuma bar wa randar wuri a inuwa kusa da ƙofa, domin maƙwabci da mai wucewa su sami rabonsu. Allah Ya shayar da mu daga tafkin Alkausara, amin.