Begen Gidajen Kiɗa na Dā da Giɓin da Ke Cikin Tarihin Waƙar Hausa

Duk wanda ya saba zama da dattawan da suka yi samartakarsu a Kano ko Kaduna ko Jos tsakanin 1960 da 1985 ya san inda hirarsu ke karkata idan aka sa kaset ɗin Garba Supa ko Hassan Wayam. Fuska takan saki, a shiga lissafa hotal-hotal da gidajen da aka kwana ana kallon wasa, da wanda ya yi liƙi har aljihunsa ya bushe. Can sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Allah dai Ya yafe mana ƙuruciya," a rufe zancen. Matsayin wannan maƙala shi ne, begen nan da ake yi a ƙasa-ƙasa shaida ce ta tarihi, kuma kunyar da ta lulluɓe shi ta jawo wa nazarin waƙar Hausa asara babba.

Mulkin mallaka ne ya shata wa irin waɗannan wurare mazauni. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigar da barasa yankunan da ba su saba da ita ba, Turawan Ingila kuma suka ɗora dokokinsu na Arewa a kanta, suka nisanta cinikin giya daga biranen sarakuna. Da aka kafa Sabon Garin Kano wajen 1913 domin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo, can ne mashaya da kulob da gidan rawa suka sami wurin zama. Can aka buɗe silimar Rex a 1937, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a nazarinsa na Kano. Ganuwa ta zama iyaka tsakanin rayuwa biyu, cikin birni da bariki, amma iyaka ce da ƙafa ke ƙetarewa kowane dare. Ɗan birni yakan yi sallar isha'i a unguwarsu, ya hau keke ya nufi Sabon Gari, kuma kowa ya san haka.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne irin aikin da wuraren nan suka yi wa waƙa. Makaɗin fada yana da ubangida guda, kuma harshensa na ɗaure da rawanin ubangidan. Makaɗin bariki kuwa iyayen gidansa su ne duk wanda ya shigo da kuɗi a aljihu: direban babbar mota, ɗan kamasho, soja, malamin asibiti, magajiya da matan gidanta. Wannan sauyi na masu ciyar da mawaƙi shi ya faɗaɗa abin da waƙa ke iya ɗauka. Mamman Shata ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da matan bariki, kuma waƙarsa ta "Asha Ruwa" ba a zauren wani basarake ta tsiro ba. Kukumar Ahmadu Doka da Ibrahim Na Habu, da kuntigin Ɗan Maraya Jos wanda ya waiwayi ɗan karen mota, duk sun sha iskar wannan duniya ta tasha da hotal.

A dubi yadda daren wasa yake tafiya. Ana shimfiɗa tabarmi da benci a tsakar gidan, a rataya fitila, mai goge ya zauna masu kiɗan ƙwarya na gefensa. Sanƙira ya zaga ya tsinto sunan baƙon da ya shigo, da garinsu da sana'arsa, ya cilla wa mawaƙi. Kafin mutumin ya gama zama ya ji sunansa a cikin waƙa, ya miƙe ya manna kuɗi a goshin makaɗi, abokin hamayyarsa ya miƙe ya ninka. A nan take ake gina baiti, kuma a nan take jama'a ke yanke masa hukunci: in ya yi armashi a cika fage, in ya yi lami a koma hira. Makarantar da ta horar da gwanayen da muke alfahari da su ke nan, kuma jarrabawarta kullum ce.

Akwai kuma fuskar da ta fi ba ni tausayi idan na tuna yadda garuruwanmu suka rabu. A Kaduna, Bala Miller, Bahaushe Kirista mai tushe a Zariya, ya kafa ƙungiyarsa ta kiɗan zamani a ƙarshen shekarun 1970, suna wasa a kulob ɗin Costain, yana rera waƙa da Hausa a kan ƙaho da jita. Masu sauraronsa Musulmi ne da Kirista, 'yan Arewa da 'yan Kudu, a teburi ɗaya. Masanin zamantakewa Ray Oldenburg ya yi bayani a 1989 kan muhimmancin wuri na uku, wanda ba gida ba kuma ba wurin aiki ba, inda mutane ke haɗuwa ba tare da la'akari da muƙami ba. Bahaushe yana da majalisa da dandali da teburin mai shayi, sai dai galibi majalisa ta 'yan unguwa ɗaya ce masu addini ɗaya. Gidan kiɗa ne ya riƙa haɗa waɗanda ba abin da ke haɗa su.

Rushewar wuraren ba dare ɗaya ta faru ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya albashin ma'aikacin da ke liƙi. Kaset ya kai waƙa cikin ɗaki. Wa'azi ya ƙara ƙarfi, sannan aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a 1999 da Kano a 2000, rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 kuma ya raba garin gida biyu. Ko a Maraɗi an far wa mashayu a Nuwamban wannan shekarar. Shata ya rasu a Yunin 1999, dab da rufewar duniyar da ta raine shi, waƙa kuma ta koma situdiyo da fiyano.

Mai suka zai ce, me za a yi bege a wurin saɓo? Sukar tana da nauyi, kuma ba daidai ba ne a kauce mata. Albashi da yawa ya ƙare a kan teburin mashaya yara na kwana da yunwa. Yawancin matan da ake wasawa a waƙa auren dole ko sakin wulaƙanci ne ya jefa su bariki, kuma tsufan da yawansu bai yi kyau ba. Mai bege yakan tuna goge ya manta da matar da ke jiran sa a gida. To amma Svetlana Boym, a littafinta na 2001, ta bambanta bege iri biyu: mai son a sake gina abin da ya wuce yadda yake, da mai tsayawa ya yi tunani a kan abin da aka rasa. Dattawan nan ba cewa suke a sake buɗe mashaya ba. Da yawansu alhazai ne masu riƙe da sahun farko. Abin da suke kewa shi ne kiɗan da ake yi ido da ido, da garin da mutum ke shiga kowace unguwa cikin dare ba ya tsoron a tambaye shi sunansa.

Inda na ga mun yi kuskure shi ne, mun riƙe 'ya'yan itacen mun ce ba mu san bishiyar ba. Gidajen rediyo na sa waƙoƙin, ɗalibai na rubuta kundaye a kan salo da jigo da adon harshe, amma da wuya ka ga an ce a wane gida aka fara rera waƙar, wa ya biya, wa ke zaune a fagen. Nazarin da ya cire waƙa daga wurin haihuwarta ba zai iya bayyana dalilin da ya sa aka ambaci wane aka zambaci wane ba. Rubuta abin da ya faru ba halatta shi ba ne, kuma malamanmu na tarihi sun rubuta labarin bori da na maguzanci ba wanda ya ce sun yi ridda.

'Yan amshi da sanƙirori da masu kalangun da suka yi wannan zamani sun haura shekara saba'in, kuma kowace shekara ana rage su. Ina kira ga sassan nazarin Hausa da na tarihi a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar magana, a zauna da mutanen nan cikin mutunci, a sakaya sunan wanda ya nemi a sakaya, a ɗauki bayaninsu tun suna da rai.