MATAR WANE KO 'YAR WANE? WAIWAYE A KAN SUNAN MACE A ƘASARMU

Duk wanda ya zauna a unguwar Television, a kudancin kogin Kaduna, kamar yadda na zauna, ya san yadda ake kwatance a can. Idan baƙo ya zo neman wata mace da sunanta na yanka, da wuya a gane ta, amma da zarar ya ce matar Saja, ko matar Fasto, ko matar Manaja, nan take yara za su kai shi ƙofar gidan. Niyyata a wannan ɗan rubutu ita ce in bi sawun wannan al'ada, don mu ga ko gado ce ko kuwa baƙuwa.

Bahaushe dai tun asali yana da alkunya. Mace ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce Maigida ko Malam, kuma a cikin gida akwai uwargida da amarya. Amma manyan muƙaman mata na dā, irin su Magajiya a Daura, da Inna a Gobir, da Iya a Katsinar Maraɗi, ba aure ke ba da su ba, 'ya'yan gidan sarauta ne ke riƙe su. Sarauniya Amina ta Zazzau da Bakwa Turunku ake danganta ta. Haka kuma Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), wadda ta auri Waziri Giɗaɗo, har gobe 'yar Shehu ake ce mata, domin a Musulunci aure ba ya raba mace da sunan ubanta. Talaka ma garinta yakan ishe ta suna, kamar Baba ta Karo, wadda aka buga labarin rayuwarta a 1954, da Ladi Kwali mai ginin tukwane.

To, daga ina Misis ta ɓullo? A ganina Turawa ne suka zo da ita ta ƙofa uku: coci, da makarantar boko, da ofis. Abin lura shi ne, Flora Shaw, 'yar jaridar da ta raɗa wa ƙasar nan suna Nijeriya a 1897, ita kanta da ta auri Lugga a 1902 sai ta koma Lady Lugard. Da Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, sai ta cika da sojoji da ma'aikatan reluwe da akawuna, daga baya kuma masaƙar Kakuri ta buɗe a 1957. A gari irin wannan babu wanda ya san asalin wani, saboda haka igiyar miji da albashinsa suka zama ma'aunin matarsa. Bariki ya fi ko'ina nuna wannan, inda matan hafsoshi ke da ƙungiyarsu, NAOWA, matan ƙananan sojoji kuma ke da tasu daban.

Daga bariki abin ya hau gadon mulki. A 1987 Maryam Babangida ta kafa shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, Maryam Abacha ta biyo da nata a 1994, sai ga matan gwamnoni da na ciyamomi kowace da ofis da jiniya, alhali tsarin mulki bai san da wannan kujera ba. Ban musa cewa an yi ayyukan alheri ta nan ba, sai dai kowa ya san kayan aro ba ya ado, ranar da miji ya sauka, ranar darajar ke sauka. Kwatanta wannan da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya (1933 zuwa 2001), wadda ta samo sunanta daga gwagwarmayar NEPU da shiga kurkuku, mutuwar aure kuwa ba ta taɓa rage shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka magana ce ta suna kawai. A 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, don ita haihuwar Anambara ce, kujerar kuwa ta Abiya ce, jihar mijinta. A Maris 2022 kuma Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin da zai sa matar aure ta zama 'yar jihar mijinta bayan shekara 5. Ke nan ana kiranta da sunan miji a wajen biki, amma idan an zo rabon muƙami sai a ce ta koma gidan ubanta, can kuma a ce ai ta yi aure. Ta zama jemage, ba ta ga tsuntsu ba ta ga dabba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu nazarin tarihi da adabi, ita ce idan mun fita neman labari wajen tsofaffi mata, mu rubuta sunan kowace, da na ubanta, da sana'arta, kafin mu tambayi wa ta aura. Allah ya sa mu dace, amin.