En'e, Ƙananan Hukumomi da Kwararowar Hamada

Tun kaka da kakanni, manoman ƙasar Hausa sun san fari da yunwa. Yunwar 1914, wadda tsofaffi suka kira Ƙaƙalaba, ta hallaka mutane da dabbobi masu yawan gaske. A yau masana sun tabbatar cewa yanayin duniya yana sauyawa saboda hayaƙin man fetur da kwal, zafi yana ƙaruwa, damina kuma ba ta da tabbas. To, da wane mudu za a auna aikin hukumomin da suka fi kusa da talaka a kan wannan al'amari? Tarihi yana da abin da zai koya mana.

A 1935 wani Bature masanin daji, Stebbing, ya buga cewa Sahara tana gangarowa kudu. Saboda haka Ingila da Faransa suka naɗa kwamiti, ya zaga iyakar Nijeriya da Nijar cikin 1936 da 1937. Kwamitin ya ce rairayi bai taso gaba ɗaya ba, amma sare itatuwa da sharar sababbin gonaki suna tsiraita ƙasa. Watau cutar a gida take, maganinta ma a gida.

A zamanin nan aikin daji yana hannun En'e. Ita ke keɓe gandun daji, ta biya malaman daji daga baitulmalinta, hakimai da dagatai kuwa su tsare doka. Di'o yana fita rangadi, ya duba littattafai, ya kuma duba itatuwan da idonsa. Darbejiya, wadda aka fara shukawa a Lardin Borno wajen 1928, ta wannan hanya ta bazu a tituna da kasuwanni, har yau ana shan inuwarta.

Amma fa tsarin yana da aibu. Manomi ba shi da ikon sare wasu itatuwa ko da a gonarsa suke, sai da izini, in ba haka ba a ci shi tara. Wanda ya san itace zai jawo masa malamin daji, ai tun yana tsiro zai tumɓuke shi.

Bayan babban farin 1972 zuwa 1974, aka yi gyaran 1976 wanda ya shafe tsarin En'e ɗungum, aka kafa ƙananan hukumomi 301. Yanzu sun kai 774. Tsarin mulki na 1999 ya ba su hannu a raya noma da albarkatun ƙasa, amma kuɗinsu ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, har a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kai tsaye. Ranar dashen itatuwa kuwa ta zama biki a wurare da dama: a dasa, a yi jawabi, a watse, awaki su ƙarasa sauran.

Sai mu dubi maƙwabtanmu. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, manoma suka fara barin tohon kututturen gawo da kalgo a gonakinsu, suna sassabe shi suna renonsa. Da aka sassauta musu dokar daji, itace ya zama na mai gona, sai aikin ya bazu zuwa Damagaram, har masu bincike suka ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta kai kadada miliyan 5.

Ashe ke nan mudun awon hukuma abu uku ne. Na farko, itatuwa nawa ne suka rayu bayan shekara biyar, ba nawa aka dasa ba. Na biyu, nawa ta ware daga baitulmalinta domin rijiyoyi da burtali da gandun daji, kuma wa ya fita ya gani da idonsa. Na uku, ko talaka yana ɗaukar itacen gonarsa dukiyarsa ce, ko kuwa tarkon tara. En'e ta iya na biyu, ta kasa na uku. Hukumomin yau suna da damar haɗa duka ukun, in mutanen gari suka nace da tambaya.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya ba mu damina mai albarka, amin.