Galahanga: Abin da ya kamata iyaye su sani game da larurar otizim

Yaro ya kai shekara biyu da rabi, yana ci yana sha, yana guje-guje a tsakar gida, amma ko "Mama" bai taɓa furtawa ba. Idan aka kira sunansa ba ya waiwayowa, har a fara zargin ko kurma ne, sai kuma a ga ya zabura daga ƙuryar ɗaki da jin motsin ledar biskit. Ba ya shiga cikin yara. Ya fi son ya zauna ya jera murafen kwalba a layi, kuma duk wanda ya taɓa masa ɗaya ya jawo kukan da ba ya jin rarrashi.

A gidaje da yawa ba a jinkirin yanke hukunci. Kaka za ta ce nauyin baki ne, ai mahaifinsa ma bai yi magana da wuri ba. Maƙwabciya za ta ce iska ce. Wani ya ce sammu, wani ya ce sangarta. Likitoci kuwa suna da sunan da suke kiran irin wannan yanayi, wato otizim, wanda kafofin yaɗa labaran Hausa suka fi fassarawa da galahanga. Kalmar tana da matsala, domin a bakin jama'a ana jingina ta ga kusan duk yaron da ke da tawayar ƙwaƙwalwa ko ta gaɓoɓi, alhali larurorin sun bambanta, kuma kulawar da kowace ke buƙata daban ce.

Mece ce larurar?

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro yana ciki. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba hauka ba ne. Yana bayyana ta fuska biyu. Ta farko ita ce wahalar cuɗanya da sadarwa: rashin haɗa ido, rashin nuni da yatsa domin a ga abin da yaro ya gani, jinkirin magana ko maimaita abin da aka faɗa masa kamar amsa-kuwwa. Ta biyu ita ce maimaita abu guda da nacewa a kan tsari: kaɗa hannu, juyi a wuri ɗaya, ƙin duk wani canji, ko a hanyar zuwa makaranta ko a kofin shan koko.

Akwai kuma batun ji a jiki, wanda iyaye suka fi kasa ganewa. Ƙarar janareta ko injin markaɗe, wadda sauran mutanen gida sun daina ma lura da ita, tana iya zame wa irin wannan yaro azaba. Haka ƙaiƙayin sabuwar shadda, ko hayaniyar gidan biki. Idan ya toshe kunne ya faɗi yana birgima, yawanci ba taurin kai ba ne, abin ne ya fi ƙarfinsa.

Larurar hawa-hawa ce. Wani har ya girma ba zai yi magana ba, kuma zai buƙaci mai kula da shi tsawon rai. Wani zai gama jami'a ya yi aure, ana dai ce masa miskili. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado ta Amurka, ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku, amma tsarin da ta zana na kora shanu cikin natsuwa shi ake amfani da shi a manyan mayankan ƙasar da dama. Sai dai kada labarin irinsu ya ruɗi kowa: yawancin masu larurar ba su da wata baiwa ta ban mamaki, wasunsu ma suna fama da raunin fahimta, farfaɗiya ko rashin barci.

Tarihi da alƙaluma

Likitar yara Grunya Sukhareva ta bayyana alamomin a Tarayyar Sobiyet tun 1925, amma duniya ba ta waiwaya ba sai a 1943, lokacin da Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins ya wallafa bayanin yara 11 da ya duba. Shekara guda bayan haka Hans Asperger ya yi irin wannan rubutu a birnin Biyana na Ostiriya. Daga nan aka shiga wani mummunan zamani da wasu masana suka ɗora laifin a kan iyaye mata, wai rashin nuna ƙauna ne ya sa yaran suka janye jiki. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka wallafa a 1977 yana cikin abubuwan da suka rusa wannan zargi, domin ya nuna ƙarfin gado a lamarin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da larurar. A Amurka, inda ake tantancewa sosai, rahoton hukumar yaƙi da cututtuka na 2025 ya ce 1 cikin 31 ne a tsakanin yara 'yan shekara takwas. Ana gano ta a maza fiye da mata da kusan ninki uku zuwa huɗu, ko da yake masana na ganin 'yan mata da yawa suna ɓoye alamomin ta hanyar kwaikwayon ƙawayensu. A wurin da ake yaba wa yarinya idan ta cika shiru da sunkuyar da kai, ba wuya ta girma ba wanda ya lura. Hauhawar alƙaluman kuwa, mafi yawanta daga faɗaɗa ma'anar larurar ne da ƙaruwar masu iya gano ta.

Me ke jawo ta?

Babu dalili guda. Gado ne ke da kaso mafi tsoka, inda manyan bincike suka kai shi kusan kashi 80 cikin 100, kuma ƙwayoyin halitta masu yawa ne ke da hannu, daga ɓangaren uwa da na uba. Wannan ya isa amsa ga dangin mijin da ke cewa matar ce ta kawo musu. Haihuwar bakwaini, yawan shekarun iyaye da shan maganin farfaɗiya na valproate lokacin goyon ciki suna ƙara yiwuwar samunta.

Allurar rigakafi ba ta jawo otizim. Jita-jitar ta samo asali ne daga wata maƙala da likitan Birtaniya Andrew Wakefield ya wallafa a mujallar Lancet a 1998, a kan yara 12 kacal. An gano maguɗi a cikinta, mujallar ta janye ta a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa a shekarar. Wani bincike a Denmak da ya bi yara fiye da 650,000, wanda aka fitar a 2019, bai ga wata alaƙa ba. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne, wasu yaran sukan fara furta kalmomi sannan su daina tsakanin wata 18 da shekara biyu, lokacin da bai yi nisa da wasu alluran ba. Arewacin Najeriya, da ya ga yadda shan inna ta sake bazuwa bayan dakatar da rigakafi a 2003, ya san farashin irin wannan ruɗani.

Ganowa da taimako

Ba a gano otizim da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Ƙwararre ne ke lura da yaron, ya kuma yi wa iyaye tambayoyi kan tasowarsa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka na ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24. Idan yaro ya shekara ba ya gwaranci ko nuni da yatsa, ko ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko ya shekara biyu bai haɗa kalmomi biyu ba, ko ya rasa abin da ya riga ya iya, to a kai shi asibiti. Matakin farko shi ne gwajin ji. Daga nan sashen yara na asibitocin koyarwa, irin su Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, su ne wuraren da ya dace a dosa.

Babu maganin da ke warkar da otizim, a asibiti ko a wajensa. Wanda duk ya ce yana da shi, kuɗinku yake so. Likita kan rubuta magani ne domin abubuwan da ke rakiyar larurar, kamar farfaɗiya ko tsananin fushin da yaro ke ji wa kansa ciwo. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma duka, ɗauri ko turara hayaƙi mai shaƙe numfashi da sunan fitar da iska cutarwa ce tsagwaronta. Asarar da ta fi kuɗin ma ita ce ta lokaci: shekarun farko, da ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyo, su ne ake ƙararwa ana yawon neman waraka.

Abin da ke aiki shi ne koyarwa ta yau da gobe, kuma mafi yawanta a gida ake yi. Masu koyar da magana da ƙwarewar rayuwa sun yi ƙaranci kuma suna da tsada, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shirin horar da iyaye su yi da kansu. Ginshiƙinsa mai sauƙi ne. A durƙusa daidai fuskar yaro, a shiga wasan da yake so maimakon a janye shi daga gare shi. In murafen kwalba yake jerawa, a riƙe ɗaya, a jira ya kalle ka ko ya miƙo hannu, a ce "murfi", sannan a ba shi. A taƙaita magana: "zo ci" ta fi doguwar jimla shiga. A tsayar da lokacin wanka, abinci da barci, a kuma sanar da shi kafin a canza wani abu. Wanda bai fara magana ba, a ɗauki hoton kofinsa, bayi da takalminsa a waya, a wanke a manna a bango, ya riƙa nuna abin da yake so. Wannan ba ya hana magana fitowa, kuma yana rage kuka, domin yawancin kukan na rashin hanyar faɗin buƙata ne.

A kula da ƙofar gida da bakin rijiya. Yara da yawa masu larurar sukan sulale su fita, ruwa kuma yana jan hankalinsu.

Game da makaranta, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, ko da yake tsakanin takarda da aji akwai tafiya. Kafin a biya kuɗin makaranta, a zauna da malamin ajin a faɗa masa gaskiya: abin da ke tayar wa yaron hankali, abin da ke kwantar masa, da cewa bulala ba za ta koya masa komai ba. Ita kuma uwar, wadda sau da yawa takan daina zuwa biki da suna saboda kallon mutane, tana buƙatar wanda zai karɓe ta ko na 'yan sa'o'i a mako.

Yaro na farko a jerin Kanner, Donald Triplett, an taɓa kai shi gidan kula da yara yana ɗan shekara uku, sai iyayensa suka dawo da shi gida bayan kimanin shekara guda. A ƙaramin garinsu na Forest da ke jihar Misisipi ya yi karatu, ya je wani gari ya kammala kwaleji, ya dawo ya koyi tuƙi, ya yi aiki a bankin garin shekaru masu yawa, mutanen garin kuma suna sane da halinsa suna kare shi. Ya rasu a watan Yunin 2023 yana da shekara 89.