Ƙungiyar Sikawut da Tarbiyyar Yara: Waiwaye Daga Ƙasar Guri

Gabatarwa

A ƙasar Guri, can gabashin masarautar Haɗejiya, inda kogi ya rarrabu ya bazu cikin fadamu kafin ya nufi Nguru da Gashuwa, yaro ɗan shekara goma yakan iya iyo, ya tuƙa kwalekwale, ya haƙa fatsa, ya ƙulla igiya, ya hura wuta a daji, ya kuma bambance sawun akuya da na tunkiya. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da ake liƙa wa ɗan Bature lambar yabo a hannun riga idan ya koye su a ƙungiyar Sikawut. Saboda haka tambayar da wannan lacca za ta bi ita ce: mene ne wannan ƙungiya ta zo da shi wanda babu shi a gida, kuma me ya sa ta tsaya a ƙofar makarantar boko ba ta shiga zaure ba?

Asalin ƙungiyar

Wanda ya kafa Sikawut wani hafsan sojan Ingila ne, Robert Baden-Powell, wanda aka haifa a 1857, ya rasu a Nyeri ta ƙasar Kenya a 1941. Afirka ce ta yi masa suna. Yana cikin rundunar da ta tafi Kumasi a 1895 zuwa 1896 ta kama Sarkin Ashanti Prempeh, rundunar da akwai sojojin Hausa a cikinta. Bayan haka ya tsare garin Mafeking na Afirka ta Kudu kwana 217 a lokacin yaƙin Bowa, tsakanin 1899 da 1900. A can yara maza suka yi aikin kai saƙo, manya suka sami sukunin riƙe bindiga.

A watan Agusta na 1907 ya tara yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, ya yi zango da su don ya gwada dabararsa. A 1908 littafinsa Scouting for Boys ya fito. A 1910 aka kafa ta 'yan mata, watau Girl Guides, a hannun ƙanwarsa Agnes. A 1916 kuma aka buɗe reshen ƙanana, 'yan shekara 8 zuwa 11, aka sa musu suna Wolf Cubs, watau 'ya'yan kyarkeci, aka gina wasanninsu a kan tatsuniyoyin daji na marubuci Rudyard Kipling.

Damuwar Baden-Powell damuwar birni ce. Masana'antu sun kwashe mutanen Ingila daga gona, yara sun tashi a lunguna ba su san daji ba, ba su da ƙwarin jiki, shi kuwa yana tsoron daular Birtaniya za ta rasa masu tsaronta. Maganin da ya kawo yana da ƙafa uku. Na farko alkawari, wanda yaro yake ɗauka da bakinsa cewa zai sauke haƙƙin Allah da na sarki, ya taimaki jama'a. Na biyu doka mai sharaɗi goma. Na uku kuwa, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne raba yara ƙungiya-ƙungiya, shida zuwa takwas, a ɗora ɗaya daga cikinsu a kan sauran, a bar shi ya yi shugabanci, ya yi kuskure, ya gyara.

Shigowarta Nijeriya

Sikawut ta shigo Nijeriya a 1915, shekara ɗaya bayan haɗe Kudu da Arewa, ta 'yan mata kuma ta biyo baya a 1919. Bayan samun mulkin kai, Nijeriya ta shiga ƙungiyar Sikawut ta duniya da sunanta a 1961. A 1965 gidan waya ya buga kan sarki don tunawa da cikarta shekara 50, kuma a cikin shekarun 1970 aka yi gagarumin zangon Sikawut na Afirka baki ɗaya karo na farko a duwatsun Shere kusa da Jos.

To, amma shigowar ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. A Kudu ta tarar da makarantun mishan barkatai, ta bi su ta yaɗu. A ƙasashen sarakunan Arewa kuwa Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan, makarantun gwamnati da na En'e kuma 'yan kaɗan ne. Haɗejiya ba ta shiga hannun Turawa sosai ba sai a Afrilun 1906, bayan yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa, watau shekara ɗaya kacal kafin zangon Brownsea. Iyayen da suka ga wannan rana ba abin mamaki ba ne idan suka yi ɗari-ɗari da duk abin da ya zo sanye da kaki. A zamanin Lardin Kano, yaron ƙasar Haɗejiya da ya wuce elementare sai ya bar gida ya tafi makarantar kwana. A irin waɗannan makarantu ne yaran Arewa suka fi gamuwa da Sikawut, nesa da iyaye, a hannun malamai, da harshen Ingilishi. Ta haka ta zama abin 'yan boko, waɗanda daga baya suka zama malamai da akawuna da ma'aikatan gwamnati.

Inda aka dace da inda aka saɓa

A 1973 Anthony Kirk-Greene ya yi wata lacca a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, aka buga ta a 1974. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Idan aka jera su kusa da sharuɗɗan Sikawut goma za a ga sun yi tarayya a wurare da dama, musamman riƙon amana da ladabi da taimakon jama'a. Ashe dai ba a kan manufa aka saɓa ba.

Saɓanin yana cikin sutura da al'ada. 'Yan Sikawut da hannun hagu suke gaisawa, har akwai ruwayar da ke cewa Baden-Powell a wurin Ashanti ya samo wannan, alhali a ƙasar Hausa miƙa hagu raini ne. Dokarsu ta yaba wa yaron da ke murmushi yana fito a lokacin wahala, alhali Bahaushe yana tsawata wa ɗansa idan ya ji yana fito. Kayan sawarsu gajeren wando ne mai barin gwiwa a waje, abin da malamai ba su yarda da shi ga baligi ba. Ƙanana kuma an kira su da sunan dabbar da ta yi kama da kare, ana koya musu kukanta a wurin taro. Daɗin daɗawa, kunya, wadda ita ce ginshiƙin tarbiyyar gida, ba ta da gurbi a cikin dokar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne, amma da suka taru sai suka isa uba ya ce wannan ba tasa ba ce.

Wannan ya fi cutar da reshen ƙanana. Ɗan shekara takwas ba ya zuwa taro sai da yardar uwarsa, ba ya sayen riga da kansa. A Ingila iyaye ne suke kafa kwamiti, su tara kuɗi, su karɓi aikin koyarwa. Inda aka bar iyaye a waje, reshen yakan rayu ne muddin malamin da ke sha'awarsa yana nan. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki sai abin ya mutu.

Abin da ke gida, da waɗanda suka gaji dabarar

Ƙasar Hausa ba ta rasa tsarin tarbiyyar yara a cikin ƙungiya ba. Akwai sarkin samari da muƙarrabansa, akwai gayya, akwai wasan kalankuwa inda matasa ke naɗa sarautu na wasa su yi shari'a a tsakaninsu, akwai kuma makarantar allo inda gardi ke lura da ƙolo. A Jamhuriyar Nijar, bayan 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya ta mai da ita ƙungiyar aikin gayya ta ƙasa.

A Arewacin Nijeriya kuwa waɗanda suka fi cin moriyar dabarar su ne ƙungiyoyin addini. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da Fityanul Islam ta 1963, da Izala ta 1978, kowace ta kafa 'yan agajinta. Suka ɗauki kaki da fareti da muƙamai da horon taimakon gaggawa, suka tsawaita wando, suka mai da gaisuwa hannun dama, suka sa aikin a filin idi da wurin tafsiri da sansanin alhazai. Nan da nan suka isa ƙauyukan da Sikawut ba ta kafu ba. Wannan ya nuna cewa jama'a ba su ƙi tsarin ba. Rigar da ya zo da ita suka ƙi. Sai dai mafi yawan 'yan agaji samari ne da magidanta, kowane rukuni kuma yana bin ɗariƙarsa ko aƙidarsa. Gurbin ƙananan yara, da na ƙungiyar da za ta haɗa 'ya'yan kowa, bai cika ba.

Kammalawa

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta canja a fadamun Haɗejiya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya irin ta 2020 da 2022 ta cinye gonaki da gidaje, rikicin manoma da makiyaya kuma yana tashi a kan ɗan abin da ya rage. Yaran da za su gaji wannan ƙasa 'ya'yan Hausawa ne da Mangawa da Badawa da Fulani, ɗan masunci da ɗan manomi da ɗan makiyayi. Ba su bukatar a koya musu iyo ko hura wuta. Abin da suke bukata shi ne abin da aka gwada a Brownsea: a haɗa yaran da iyayensu ba sa cin abinci a akushi ɗaya a cikin rukuni guda, a ba ɗayansu amana, a koya musu ceton wanda ruwa ya ci da ɗaure rauni da tsabtar ruwan sha.

Tarihin shekara ɗari da 'yan kai ya nuna sharaɗin nasarar wannan aiki. Dole a fara da zaure kafin aji, a nemi mai unguwa da liman da malamin allo da iyaye mata, a yi alkawarin da harshen da yaro yake mafarki da shi, a kuma bar abin da ya saɓa wa al'ada ba tare da jin an yi hasara ba. Ɗaliban da za su zama malamai, da ma'aikatan ilmi na ƙananan hukumomi, su ne wannan nauyi ya hau kansu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya fara neman izinin mai gonar.