Tukunya Cikin Tukunya: Tarihin Firigon da Ba Ya Cin Kuran

A bazarar bara, da na je gida Maraɗi hutu, na tarar da innata zaune a bakin madafa tana tsince tumatir. Kwano guda ta sayo kwana biyu kafin nan, rabi ya riga ya yi ruwa. Firigo muna da shi, wani tsoho da yayana ya kawo, amma kuran da ke zuwa awa biyu ya tafi awa shida ya mayar da shi wurin ajiye kwanoni. Na ce, "Inna, sai haƙuri da zafin nan." Ta ce, "Haƙurin naka ba ya hana tumatir ruɓewa." Wannan amsa ce ta sa na bi diddigin wani abu da na daɗe ina jin labarinsa sama-sama.

Mu ɗalibai, in aka ce ƙirƙirar kaya, hankalinmu kan tafi ga kwamfuta da injiniyoyin Turai. To ga wani mutum nan kusa da mu, a jihar Jigawa da ke iyaka da Damagaram. Sunansa Mohammed Bah Abba. An haife shi a 1964 a gidan magina tukwane, ya kuma yi aikin koyarwa a Dutse. Yana yawo cikin ƙauyuka sai ya riƙa ganin abin da kowa ke gani: manomi ya ɗebo gauta da tattasai da alayyafo, ba kuran, ba wurin ajiya, dole ya sayar a ranar ko da a wulaƙance, ko kuma ya zubar. Ƴan mata ƙanana su ne ke yawon talla da kayan kafin su lalace, lokacin da ya kamata a ce suna aji.

Abin da ya yi a tsakiyar shekarun 1990, in an faɗa maka sai ka ce, "Shi ke nan?" Tukwanen ƙasa biyu ne, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan miya cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, busasshiyar iska tana kwashe shi, kuma duk ruwan da zai tashi ya bi iska sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Zafin da yake ɗiba na cikin tukunya ne. A gwajin da aka yi, gautan da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako uku, alayyafon da ba ya kwana ya yi kwana 12.

A nan ne ni, mai karatun harsuna, na tsaya. Wannan ilimi ba shi ya gano shi ba, yana cikin bakinmu tun kaka da kakanni. Muna cewa randa tana zufa. Duk tsohuwar da ta je sayen randa, daga Mirya har Bubon, ta san wadda ke zufa ita ke sanyaya ruwa. Wanda ya fara kwatanta jikin randa da jikin mutum ya gama fahimtar dokar, ko da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Abin da Bah Abba ya ƙara shi ne tazarar nan mai yashi, wadda ta raba ruwa da abin da ake son sanyayawa. Ƙari ne na ɗan yatsa biyu, amma randa ta yi ɗaruruwan shekaru a tsakar gidajenmu kafin wani ya tambaye ta ko za ta iya riƙe tumatir.

Ni a ganina babban aikinsa ma bayan ƙirƙirar ya zo. Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka gina masa 5,000 na farko, ya raba su kyauta a ƙauyukan Jigawa. Da ya ga mutane ba su karɓa da sauri ba, sai ya shirya wasan kwaikwayo, aka ɗauka a bidiyo, ana nunawa da dare a jikin farin ƙyalle da ɗan janareto. Ya san wa zai gina, da wace ƙasa, nawa za a sayar, wa zai jiƙa yashin. A shekarar 2000 ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000 ta Amurka, ya faɗaɗa aikin da ita. Daga baya abin ya kai Darfur a Sudan, inda ake kiransa zir, wato sunan randarsu, a ƙasashenmu masu Faransanci kuma aka laƙaba masa kanari-firigo. Ya rasu a 2010.

Mu ma a Nijar muna da irin wannan tarihi. A shekarun 1980, bayan fari, da itacen girki ya yi tsada a Yamai, aka fito da murhun ƙarfe mai rage cin itace, wanda maƙera ke bugawa daidai da lambar tukunya. Sunan da aka ba shi, Mai Sauƙi, ya burge ni. Sauƙi a Hausa araha ne, rashin wahala ne, kuma shi ne abin da marar lafiya ke samu. Kalma ɗaya ta kwashe duk koken mai girki.

Na dawo kan tumatirin Inna. Na je kasuwa na sayo tukwane biyu, na ɗebo yashi daga gulbi, na haɗa kamar yadda na karanta, na girke abin a lungun ɗaki don kada rana ta taɓa shi. Bayan kwana uku na sa hannu, ba wani sanyi, sai ɗumi da warin gumi. Har na fara cewa labarin duk ƙari ne. Inna ta leƙa ta ce, "Kai ɗan nan, ka taɓa ganin an sa randa inda iska ba ta ratsawa?" Ta sa na fito da ita ƙarƙashin rumfa, ta ɗora ta bisa duwatsu uku don iska ta bi ta ƙasa. Washegari da azahar tumatir ya yi sanyi kamar an tsinko shi da asuba. Ya kai kwana goma sha ɗaya kafin miya ta cinye shi.

Kada in yi muku ƙarya, ba firigo ba ne. Ba ya ƙanƙara, kuma ba zan sa nama ciki ba. Da damina ta sauka, iska ta cika da laima, sanyin ya ragu sosai, domin zufar ba ta samun busasshiyar iskar da za ta ɗauke ta. Sannan sai an jiƙa yashin sau biyu a rana, kuma a gidan da ake sayen ruwa wurin ƴan garuwa wannan ma lissafi ne. Takardun da na karanta sun fi son maganar kwana 27 fiye da maganar wa zai ɗebo ruwan.

Akwai kuma abin da ba wanda ya rubuta: akuya. Tamu ta gano jiƙaƙƙen buhun da muke rufewa da shi, ta tauna gefensa, ta ture shi, ta kai baki ga alayyafo. Inna ta kife faifai a sama ta danne da dutse, sai dutsen ya fasa leɓen ƙaramar tukunyar. Yanzu a bayan littafina na darasin ginin jimla akwai zane huɗu na murfi mai huji-huji da za a gina da yumɓu, mai nauyin da akuya ba za ta ɗaga ba amma Inna za ta ɗaga da hannu ɗaya. Na nuna wa wata magina uku daga ciki. Ta ce biyu za su tsage a wuta, na ukun kuma in dawo bayan kaka, lokacin da ƙasa za ta bushe da kyau.