Yadda Cocin Katolika Ya Juya wa Hukuncin Kisa Baya

A watan Agustan 2018 Fafaroma Francis ya sake rubuta sakin layi na 2267 na littafin koyarwar Katolika, inda ya ce hukuncin kisa ba abin yarda ba ne domin yana keta mutuncin ɗan Adam. Har yau ƙurar ba ta lafa ba, musamman a Amurka, inda masana irin su Edward Feser ke cewa babu fafaroman da ke da hurumin haramta abin da magabata suka halatta. A batun tarihi dai suna da gaskiya. Augustine yakan roƙi masu mulki su yi sassauci, amma bai hana su zare takobi ba, shi kuwa Thomas Aquinas a ƙarni na 13 ya kwatanta mai babban laifi da ruɓaɓɓiyar gaɓa da ake yankewa don jiki ya tsira. Ba a takarda abin ya tsaya ba. Lokacin da fafaroma ke mulkin tsakiyar Italiya yana da hauninsa, Giovanni Battista Bugatti, wanda ya kashe mutum fiye da 500 daga 1796 zuwa 1864. Littafin da Cesare Beccaria ya fitar a 1764 yana sukar hukuncin kisa ma, cikin jerin haramtattun littattafai cocin ya sa shi.

A ganina, abin da ya juya akalar shi ne cocin ya rasa takobi, daga baya kuma takobin ya hau kan 'ya'yansa. A 1870 aka yi kisan ƙarshe a ƙasar fafaroma, a shekarar kuma sojojin Italiya suka ƙwace Rum. Dokar Vatican ta 1929 ta tanadi kisa ga wanda ya nemi ran fafaroma, ba a taɓa aiki da ita ba, Fafaroma Paul na Shida ya cire ta a 1969. A tsakanin nan Katolika sun ga yadda gwamnatocin Nazi da na kwaminisanci ke kashe mutane da sunan shari'a, da alƙali da takardar hukunci. Kotu ce ta yanke wa Fada Alfred Delp hukunci kafin a rataye shi a Berlin a 1945. Fafaroma John Paul na Biyu ya rayu a Poland ƙarƙashin mulkin duka biyun, ya san irin hannun da ake damƙa wa igiya. An harbe shi a 1981, ya je gidan yari a 1983 ya gana da maharbinsa. A wasiƙarsa ta 1995 ya ce da wuya a sami yanayin da kisa zai zama dole, a 1997 aka shigar da wannan cikin littafin koyarwa, a 1999 kuma ya roƙi gwamnan Missouri, Mel Carnahan, har ya mayar wa wani fursuna hukuncin kisa ɗaurin rai-da-rai.

Wasu na cewa Turai kawai cocin ya bi. Da haka ne, da ya bi ta a kan zubar da ciki, inda har gobe suke hannun riga. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta gidan yari: tunda yanzu ana iya tsare mai laifi ba tare da ya sake cutar da kowa ba, kisa ya rasa dalili. John Paul da kansa ya kawo ta, rubutun 2018 ma ya ambace ta. Sai dai ita kaɗai ba ta isa ba, don da ita ce ginshiƙi, da an bar ƙofa ga ƙasashen da fursunoni ke fasa gidan yari su tsere. Francis bai bar ƙofar ba. A wasiƙarsa ta 2020 ya yi ta nanata kuskuren alƙalai da yadda gwamnatocin kama-karya ke kawar da 'yan adawa da wannan hukunci, har ma ya soki ɗaurin rai-da-rai a matsayin kisa a ɓoye, matakin da ya yi wa Katolika da yawa nisa.